Tambaya da Amsa: Toyotar da ke ɗaga kaya a sito, daga ina ta fito?

Assalamu alaikum. Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan wata, kuma kusan duk a kan na'ura ɗaya suka tsaya, wato foklif, 'yar motar nan mai yatsun ƙarfe biyu a gaba da take sunkutar kaya ta ɗaga su sama. Shekara 19 na yi a siton wata masana'anta a Sharada. Na fara da ƙirga kwalaye, biro a bayan kunne, na ƙare ina kula da foklif huɗu da direbobinsu. Don haka yau an sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi.

TAMBAYA: Baba, ni ɗalibi ne a Kaduna, ina horon sanin makamar aiki a wani kamfanin lemo. Foklif ɗin da ke sitonsu duk an rubuta musu Toyota. Mun yi gardama da abokina, ni na ce kamfanin da ke yin Hilux da Corolla ne yake yin su, shi kuma ya ce sunan kawai aka ara. Wa ya fi gaskiya?

AMSA: Ɗana, daga kai har abokin naka ba wanda ya gano bakin zaren. Gida ɗaya ne, amma kamfani biyu. Mai yin Corolla sunansa Toyota Motor, mai yin foklif kuma Toyota Industries. Maganar aron suna kuwa ba ta taso ba, domin na foklif ɗin shi ne uba, daga cikinsa na motar ya fito.

Labarin daga saƙa ya faro. An haifi Sakichi Toyoda a 1867 a wani ƙauye da ke yankin Shizuoka a Japan. Mahaifinsa kafinta ne, mahaifiyarsa kuma tana saƙa a gida, kamar yadda matan ƙauyen suke yi. Ya taso yana ganin wahalar da take sha a kan masaƙar hannu, sai ya duƙufa neman yadda zai sauƙaƙa aikin. A 1891 ya samu takardar mallakar fasaha a kan wata masaƙar katako da ya inganta, a 1896 kuma ya ƙera masaƙa mai aiki da inji.

Bari in tsaya a nan, domin wurin da na fi so ke nan a duk tarihin. Kakana na wajen uwa masaƙi ne. Ina yaro nakan zauna gefensa a gindin darbejiya, ga zare an miƙa shi can nesa an ɗaure a dutse, shi kuma yana wurga ƙoshiya daga wannan hannu zuwa wancan, ƙafafunsa na tafiya kamar mai tuƙa keke. Da zare ɗaya ya tsinke, ko yana tsakiyar magana ne, sai ka ga ya tsaya cak. Ya lalubo bakin zaren, ya ɗan jiƙa yatsa da yawu, ya ƙulla, sannan ya ci gaba. Ba ya ƙara wurgi ko ɗaya kafin ya ƙulla, saboda in ya ƙara, lahanin zai bi tsawon ƙyallen ya tafi. To inji ba shi da ido. Masaƙun inji na farko, zare zai tsinke su yi ta bugu, sai an saƙa yadi da yawa na banza kafin wani ya lura. Abin da Sakichi ya yi shi ne ya sa wa injin halin kakana: da zare ya tsinke, injin ya tsayar da kansa. A 1924 ya kammala masaƙar da ake kira Type G, wadda ban da tsayawa in zare ya tsinke, tana canza ƙoshiyar da zarenta ya ƙare ba tare da ta daina aiki ba. Daga nan mutum ɗaya ya iya kula da masaƙu masu yawa. Japanawa suna kiran wannan tsari jidoka, kuma har gobe yana cikin ginshiƙan yadda Toyota ke gudanar da masana'antunta.

Don a ƙera wannan masaƙa a sayar aka kafa kamfanin Toyoda Automatic Loom Works a garin Kariya, yankin Aichi, a watan Nuwamban 1926. Shi ne yau ake kira Toyota Industries, kuma hedikwatarsa tana nan a Kariya ba ta gusa ba. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Oldham a Ingila, wanda a lokacin yana cikin manyan masu ƙera injinan saƙa a duniya, ya amince ya biya fam 100,000 don samun izinin amfani da fasahar. Ka dubi girman abin: Ingila ce ta koya wa duniya saƙar inji, sai ga ta tana sayen dabara a hannun ɗan kafinta daga Japan.

Sakichi ya rasu a 1930. Ɗansa Kiichiro, wanda ya yi karatun injiniya kuma hankalinsa ya karkata ga mota, ya buɗe sashen mota a cikin kamfanin masaƙar a 1933. A 1935 suka fitar da babbar mota ta ɗaukar kaya, a 1936 ƙaramar mota samfurin AA, a 1937 kuma aka yaye sashen ya zama Toyota Motor mai cin gashin kansa. A wannan tsakanin ne aka mayar da sunan daga Toyoda zuwa Toyota. In aka rubuta Toyota da wani nau'in baƙaƙen Japan, jan alƙalami takwas ne, su kuma suna ɗaukar takwas lamba ce mai sa'a.

Ina foklif ya shigo? Ba Japanawa suka ƙirƙiro shi ba, wannan a ba Amurkawa haƙƙinsu. Kamfanin Clark a jihar Michigan ya ƙera wata 'yar mota ta jigilar kaya a cikin masana'antarsa tun 1917, Yale da wasu suka biyo baya da masu ɗagawa sama, Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya yaɗa abin, saboda sojoji na buƙatar loda jiragen ruwa cikin gaggawa alhali maza sun tafi fagen fama. Shi kuma kamfanin masaƙa, bayan yaƙi ya ga kasuwar injin saƙa yau ta tashi gobe ta kwanta, sai ya nemi wata sana'ar da zai jingina da ita. Ya riga ya iya zubin ƙarfe, ya fara yi wa Toyota Motor injin mota, kayan haɗin duk suna kusa. A 1956 ya fitar da foklif ɗinsa na farko, samfurin LA, mai ɗaga tan 1. A 1970 ya buɗe masana'antar Takahama wadda ba ta da aiki sai foklif.

Akwai abin da zai ɗan faranta maka rai a gardamar taku. Shekaru da yawa kamfanin masaƙar ne ke ƙerawa, amma ɓangaren mota ne ke sayarwa. Sai a 2001 aka haɗa ƙira da sayarwa a hannu ɗaya, a shekarar ce kuma aka canza masa suna zuwa Toyota Industries. Kuma zumuncin bai yanke ba: shi ke haɗa wa Toyota Motor wasu motocin RAV4, shi ke yin wasu injinan dizal da ke cikin Hilux da Land Cruiser, yana kuma cikin manyan masu yin kwamfiresar na'urar sanyaya mota a duniya. Masaƙar ma bai bari ba, har yanzu yana ƙera ta, sai dai ta yanzu da iska take harba zaren, babu ƙoshiya. Saboda haka ku raba gardamar biyu, kowa ya saya wa ɗan'uwansa shayi.

TAMBAYA: Malam, ni 'yar kasuwa ce a Kantin Kwari, kuma ina son karanta yadda manyan kamfanoni suka girma. An ce wannan kamfani shi ne na ɗaya a duniya a harkar foklif. Ta yaya ya kai nan, kuma ina ribar take a abin da mutum zai saya sau ɗaya ya shekara goma bai sake ba?

AMSA: Hajiya, tambayarki ta biyu tambayar 'yar kasuwa ce ta gaske, zan zo kanta. Gaskiya ne, tun farkon shekarun 2000 shi ke kan gaba wajen ciniki. Masu bi masa baya su ne KION na Jamus, mai Linde da Still, da Jungheinrich na birnin Hambug, sai Crown da Hyster-Yale na Amurka, da Mitsubishi Logisnext na Japan. 'Yan China irin su Heli da Hangcha kuma suna tasowa da ƙarfi, da arha suke cin kasuwa, kuma na tabbata kin fi ni sanin yadda wannan yake a atamfa.

Hanya biyu ya bi. Ta farko, ya je ya kafa masana'anta inda masu saye suke, maimakon ya yi ta dakon ƙarfe mai nauyi a teku: a garin Columbus na jihar Indiyana a Amurka aka fara ƙira a 1990, daga baya kuma a Ancenis ta Faransa. Ta biyu ita ce saye. Da ya duba ya ga abin da ya rasa, sai ya sayi wanda ya iya.

Abin da ya rasa a lokacin shi ne kayan cikin sito. Ƙarfinsa yana ga foklif mai inji, wanda ke aiki a fili da bakin ƙofa. Amma a Turai da Amurka, inda fili ke da tsada, ana gina sito ne da kantoci masu tsawo har kusa da rufi, a bar 'yar siririyar hanya a tsakani, kuma ƙananan injinan batir ne ke iya ratsa ta. Gwanin wannan fanni shi ne BT na garin Mjölby a Suwidin, wanda aka kafa a 1946. Ɗan keken nan na hannu da ake zura shi ƙarƙashin falet, wato dandamalin katakon da ake jera kaya a kai, a yi ta famfo da mariƙinsa har kaya su tashi, BT na cikin waɗanda suka yaɗa shi a Turai. A shekarar 2000 Toyota Industries ya sayi BT. Sai ya zama an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, domin tun 1997 BT ya riga ya sayi Raymond na garin Greene a jihar New York, kamfanin da mai shi, George Raymond, ya samu takardar mallakar fasahar falet na katako mai fuska biyu a 1939.

Bai tsaya nan ba. A 2013 ya sayi Cascade na Amurka, masu yin hannuwan da ake ɗaura wa foklif a madadin yatsu, irin wanda ke rungumar dilar auduga ko naɗin takarda ko ganga. A 2017 ya sayi Vanderlande na Holan da Bastian Solutions na Amurka. Waɗannan biyun ba foklif suke yi ba. Bel mai tafiya da kansa suke yi, da na'urorin ware kaya, da manhajar kwamfuta mai sanin inda kowane kwali yake. In kin taɓa tsayawa jiran akwatinki a wani babban filin jirgin sama a waje, ba mamaki bel ɗin Vanderlande ne ya kawo miki shi. Lissafinsu a fili yake: cinikin intanet ya sa yanzu ba falet guda ake fitarwa ba, takalmi ƙafa ɗaya ne da caja ɗaya zuwa gidaje dubu, kuma in wata rana sito ya rage buƙatar direban foklif, suna son abin da ya maye gurbinsa ma ya zama nasu ne. A shekarar kuɗi da ta ƙare a Maris na 2025 cinikin kamfanin ya haura yen (kuɗin Japan) tiriliyan 4, kuma kusan kashi biyu cikin uku daga wannan ɓangare na ɗaga kaya da sito ya fito.

Yanzu ribar. Ni na riƙe littafin kashe kuɗin foklif huɗu, don haka daga aljihu zan ba ki amsa. Ranar da aka sayar miki da foklif ba ranar aka gama ciniki ba, ranar aka ɗaura aure. Bayan kowane adadin awoyi sai an canza mai da filta. Taya na cinyewa, sarƙar ɗagawa na miƙewa, robobin haidirolik na fara yoyo, batir na mutuwa. Duk shekara akwai abin da za ki koma ki saya, kuma ba za ki iya cewa bari sai wata mai zuwa ba, saboda tirela uku na tsaye a ƙofa, direbobinsu na ƙirga miki kwana. Ban da kayan gyara, suna ba da haya ta wata ko ta shekaru, suna ba da bashin saye ta hannun nasu kamfanin lamuni, suna ƙulla yarjejeniyar gyara, in wa'adin haya ya cika su karɓe injin su gyara su sayar a matsayin na hannu. Inji ɗaya sai ya ciyar da su sau uku ko huɗu. Shi ya sa a wannan sana'a wanda ya fi yawan makanikai da shagunan kayan gyara kusa da abokin ciniki shi ke cin kasuwa, ko da injin wani ya fi nasa arha. A ƙasashen Afirka da dama, wani kamfanin dillanci mai suna CFAO ne ke wannan aiki, shi ma kuma mallakar Toyota Tsusho ne, wani ɗan gidan.

TAMBAYA: Yallaɓai, ni direban Hilux ne a Maraɗi. Na ji an ce an kama masu yin injin motarmu da maguɗi. Gaskiya ne, kuma motata na da matsala?

AMSA: Ɗan'uwa, gaskiya ne, kuma ba zan rufe ba don ina ganin girman tarihinsu. A watan Maris na 2023 Toyota Industries ya fito ya amsa cewa an saɓa ƙa'ida a gwajin hayaƙin wasu injinan foklif. A wasu wurare an rubuta ƙiyasi a matsayin abin da aka auna, a wasu kuma an canza kayan inji ana tsakiyar gwaji. Suka dakatar da sayar da waɗannan samfura a Japan, hukumar sufuri ta ƙasar ta soke takardar amincewa da wasu injinan. Aka kafa kwamitin bincike na mutanen waje, shi ne a ƙarshen Janairun 2024 ya gano cewa abin ya taɓa injinan dizal uku na mota: lokacin gwajin ƙarfin inji an yi amfani da manhajar da ba ita ce ke cikin motar da ake sayarwa ba, don alƙaluman su fito sumul. Toyota Motor ya dakatar da fitar da samfura 10 na ɗan lokaci, ciki har da Hilux da Hiace da Land Cruiser 300, shugabansa Akio Toyoda, wanda jikan Kiichiro ne, ya fito ya nemi gafara.

Game da motarka, Toyota ya ce ya sake auna injinan da aka ɗauko daga layin ƙira ya tarar ƙarfinsu ya cika ƙa'ida, don haka ba a ce kowa ya ajiye motarsa ba. Ci gaba da tuƙinka, ka kula da mai da filta.

Abin da ya sosa mini rai daban ne. Kwamitin ya nuna cewa an matsa wa injiniyoyi da wa'adin da ba zai yiwu ba, kuma na ƙasa ba ya iya ɗaga murya ya ce wa na sama aikin nan bai yi ba. Gidan da aka gina a kan injin da ke tsayawa in zare ɗaya ya tsinke, a nan ne mutane suka ga zare ya tsinke suka ci gaba da bugu shekara da shekaru. Na san irin wannan tsoro, na gan shi a idon yaran da na yi aiki da su, ranar da manaja ke tsaye yana duba agogo. Ramin ƙarya ƙurarre ne, sun kuwa biya da sunansu. A watan Yunin 2025 aka sanar da shirin dangin kamfanonin Toyota na saye hannayen jarin Toyota Industries a fitar da shi daga kasuwar hannun jari, a kan kuɗin da aka ambata lokacin kusan yen tiriliyan 4.7, wasu masu jari kuma suka ce an yi masa arha.

TAMBAYA: Malam, ina harkar hatsi da riɗi a Dawanau, sito biyu gare ni. Yarana sun dame ni in sayi foklif na hannu, mai tan 2 da rabi, wai zai rage mini kuɗin 'yan dako. Ka ba ni shawara tsakani da Allah.

AMSA: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Tunda ka ce tsakani da Allah, to kafin ka je kallon inji, ka sunkuya ka kalli daɓen sitonka. Foklif mai ɗaga tan 2 da rabi shi kansa ya kusa tan 4, saboda ƙaton ƙarfen da ke bayansa wanda ke hana shi kifewa ta gaba. Haɗa da kaya, ka ga fiye da tan 6 a kan 'yan tayoyi huɗu, mafi yawan nauyin kuma a kan biyun gaba. Daɓen da aka yi don buhu da ƙafar mutum ba zai yi wata uku ba zai farfashe. In akwai tudu a bakin ƙofa, ko kwata a gaba, ko ƙasar da ke zama taɓo da damina, sai an gyara su tukuna.

Sai falet. Foklif ba ya ɗaukar buhu, falet yake ɗauka. In buhunanka a ƙasa suke jibge har rufi kamar yadda aka saba, kuma tirelar da za ta zo ita ma a jibge za a loda mata, to mutum ne zai ɗora buhu a falet, mutum ne zai sauke a cikin mota, injin tafiyar tsakani kawai ya rage maka. Falet irin na Turai, mai santimita 120 da 80, an yi shi ne don kimanin tan 1 da rabi, wato buhu 15 na kilo 100 in ka matsa. Lissafa buhun da kake ajiyewa ka ga falet nawa za ka buƙata, ka tambayi kafinta kuɗinsu, ka kuma cire filin da za ka bari na hanya, wanda bai kamata ya gaza mita 4 ba don injin ya juya. Mutane da yawa a nan lissafinsu ke rushewa. Inda yake biyan kuɗinsa shi ne in kana tura riɗi waje a kwantena, ko kana sayar wa masana'antar da ke karɓar kaya a falet. In kwantena ce, ka tabbata tsanin gaban injin, wato ƙarfen da yatsun ke hawa a jikinsa, gajere ne mai iya ɗagawa ba tare da kansa ya tashi ba, in ba haka ba ba zai shiga ƙofar ba.

In har ka yanke shawarar saye, ka tafi da makaniken foklif, ba na mota ba. A tayar da injin da sanyin safiya a gabanka, kada ka yarda a ce an riga an ɗumama shi. A ɗaga kaya mai nauyi sama a kashe inji, ku tsaya minti goma ku ga ko yana sauka da kansa. A duba gindin yatsun, wurin da suka lanƙwasa, in akwai tsagewa ko alamar walda ka bar shi. Agogon awoyi ana iya taɓa shi, amma fedar da ta cinye da sitiyarin da ya yi santsi ba sa ƙarya. Kuma ka fara tambayar inda za ka samu famfon haidirolik ɗinsa a Kano kafin ka tambayi farashi, domin araha ba ta ado. Mai dizal hayaƙinsa bai dace da rufaffen siton abinci ba. Mai batir ya fi tsabta, amma irin na da yana son cajin awa 8 a tsaye da ruwan batir a kai a kai, ka san kuma halin wutarmu. Da hunturu, filtar iska da lagireto kullum sai an hure su.

Akwai ɗan faranti na ƙarfe a jikin kowane foklif, kusa da kujera. Ka sa a karanta maka shi. Tan 2 da rabin da aka rubuta, sharaɗinsa tsakiyar nauyin kayan kada ta wuce santimita 50 daga gindin yatsu. In kayan sun fi haka tsawo, ko aka ɗaga su can sama, ƙarfin ya ragu. Kuma duk da tayoyinsa huɗu ne, a kan tungu uku yake tsaye kamar murhu, domin gatarin baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, a tsakiya aka rataye shi, da baya kuma yake juyawa.

Na ga abin da rashin sanin wannan ke jawowa. Wata ranar Alhamis bayan la'asar, muna saurin gama lodi, wani yaro direba mai hankali, wanda ban taɓa samun sa da wasa ba, ya sauke falet a kan mota ya ja da baya bai sauke yatsun ba, suna can sama. Ya karya kwana da ɗan gudu, tayar baya ta taka wani guntun katako. Ina tsaye da takardar lodi a hannu na ga tayar gefe ta rabu da ƙasa a hankali, kamar raƙumi zai kwanta. Na yi ihu ya riƙe sitiyari, amma jiki ba ya jin ihu a irin wannan lokaci, sai ya yi tsalle ta gefen da injin ke faɗuwa. Rufin ƙarfen ya sauka a kan ƙafarsa. Mu takwas muka kasa ɗaga shi, sai da aka kawo wani foklif. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma har yau da sanda yake tafiya, kuma duk sallar da ya zo gaishe ni sai na tuna cewa bel ɗin kujerar nan ya fi wata biyu a lalace ina cewa za a gyara. Da yana ɗaure, ya riƙe sitiyari, ya karkata zuwa ɗaya gefen, da ƙurjewa kawai zai yi. Toyota sun fito da wata na'ura a ƙarshen shekarun 1990 da suke kira SAS, wadda ke kulle gatarin baya in ta ji injin zai karkata, tana kuma rage sunkuyon tsani in kaya na sama. Tana taimakawa ƙwarai, amma a injinan hannu sau da yawa za ka tarar an cire wayarta don ta dami wani makanike. Ka sa a duba tana aiki.

Maganar 'yan dako kuma, Alhaji, ba zan ce maka inji ba ya rage hannu ba, yana ragewa. Amma na ga dattawan da suka shekara 30 suna ɗaukar buhun kilo 100 a ka, na ga yadda suke sallah a zaune tun ba su kai sittin ba. In ka saya, ka zaɓi biyu daga cikin yaran da suka daɗe da kai ka biya a koya musu tuƙin yadda ya kamata, sauran kuma aikin jera buhu a falet da ɗinki da awo yana nan. Shawarata, kada ka saya bana. Ka ɗauko haya na wata ɗaya a lokacin kakar riɗi, ka sa kafinta ya buga maka falet 40, ka ware sito ɗaya ka gwada, ka sa yaro ya riƙa rubuta minti nawa kowace mota ta ɗauka da lita nawa aka sha. In watan ya cika ka aiko mini da takardar, mu duba tare.